Daga Tayi Zuwa Sallamawa: Cinikin Gidan Farko a Kano

A birnin Kano, kamar sauran manyan garuruwan arewacin Najeriya, yawancin gidaje ana sayensu ne da kuɗi a dunƙule ba da rancen banki ba, kuma cinikinsu da baki yake farawa a gaban dillali tun kafin a kai ga takarda. Wannan ya sa mutumin da zai sayi gida karon farko, wanda sau da yawa ma'aikaci ne da ya karɓi giratuti, ko ɗan kasuwar da ya daɗe yana zubin adashi, ko magidancin da ya sayar da gonar gado ya haɗa da zinaren matarsa, yake zama mafi rauni cikin waɗanda suka taru don cinikin, domin shi kaɗai ne bai taɓa yin irinsa ba, kuma shi ne zai yi asarar gumin shekaru idan al'amarin ya lalace. Hankalin irin wannan mai saye yakan tafi gaba ɗaya ga farashi, alhali ba farashi ne ke kai mutane gaban alƙali ba. Abin da ke kai su shi ne sharaɗin da ba a ambata ba, da takardar da ba a bincika ba, da kuɗin da aka miƙa kafin lokacin miƙa shi ya yi.

Tsarin cinikin tsoho ne kuma sananne. Ko dai mai gida ya sa wa gidansa suna, wato ya yanke kuɗin da yake nema, ko kuma ya ƙi faɗa ya ce a taya, sai mai saye ya ambaci abin da zai biya, wanda shi ne tayi. Idan bai kai ba mai gida ya ce "albarka", wadda hanya ce ta ƙin amincewa ba tare da ɓata fuska ba, dillali kuwa ya yi ta kai gwauro yana kai mari har a kai adadin da mai gida zai ce ya sallama. Tayi sama yake hawa, ba ya saukowa, saboda haka adadin farko da ya fita daga bakin mai saye shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Hausawa suna cewa a rashin tayi akan bar arha, kuma gaskiya ne cewa kunya tana hana sababbin masu saye faɗin adadin da ƙila da an karɓa, amma tayin da ya yi ƙasa ƙwarai ana ɗaukarsa raini, kuma dattijon da aka raina gidan da ya raini 'ya'yansa a ciki yana iya rufe ƙofar ciniki ko da daga baya an ƙara masa.

Hanyar kauce wa waɗannan kurakurai biyu ita ce sanin ƙimar gidan kafin a buɗe baki, kuma a nan wahalar take, domin babu wani kundin da jama'a za su duba su ga nawa aka sayar da gidajen wata unguwa. Abin da ake ji a bakin dillalai kuɗin da ake nema ne, ba wanda aka biya ba. Waɗanda suka san adadin gaskiya su ne mai unguwa, wanda yakan sa hannu a matsayin shaida, da maƙwabtan da suka saya ko suka sayar kwanan nan a layin, kuma tambayar biyu ko uku daga cikinsu ta fi sauraron dillalai goma. Yana da amfani a raba ƙimar gida kashi biyu, ta fili da ta gini: ƙimar fili tana bin unguwa da faɗin hanya da girman wurin, ta yadda fili mai ƙafa 50 a faɗi da 75 a tsawo a Hotoro ko Rijiyar Zaki ba zai yi kuɗi ɗaya da irinsa a bayan Ungogo ba, ƙimar gini kuwa tana raguwa da tsufa. Idan kuɗin mai yawa ne, biyan ƙwararren mai kimanta kadara, irin waɗanda hukumar da aka kafa da dokar 1975 take yi wa rajista, ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da miliyoyin da rahotonsa zai iya tsarewa.

Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur aka kuma bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, kimanta gida ya ƙara wuya. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, buhun siminti kuma ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Daga nan masu gidaje suka sami hujjar da suke maimaitawa, cewa yau ba za a iya gina irin gidan da wannan kuɗi ba. Hujjar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba, domin ginin da ya shekara 20 yana shan rana da damina ba sabo ba ne, kuma tsadar da ta ɗaga kuɗin siminti ita ce ta rage yawan mutanen da ke da miliyoyi a ajiye. Mai sayen da kuɗinsa yake hannu yana riƙe da abin da mai gida yake bukata da gaggawa, musamman idan bashi ne ko jari ko hidimar aure ko rabon gado ya sa aka fito da gidan kasuwa, kuma sanin dalilin sayarwar yana nuna abin da za a iya bayarwa a madadin ƙarin kuɗi, wato saurin biya ga mai gaggawa, ko ƙarin wa'adin tashi ga wanda bai gama ginin inda zai koma ba.

Dillali mutum ne mai amfani, kuma da wuya a sami gida a Kano ba ta hannunsa ba, amma wajibi ne mai saye ya fahimci cewa la'ada, wato ladan da ake biyan dillali, ba ta samuwa sai ciniki ya faɗa, kuma tana ƙaruwa ne idan farashi ya ƙaru. Galibi kashi 5 cikin 100 ake ambata, sai dai adadin da kuma ɓangaren da zai biya abin yarjejeniya ne, kuma gara a yanke shi tun ranar da aka fara zuwa ganin gida a kan a bar shi sai ranar biya, lokacin da mutane biyar ko shida za su bayyana kowanne yana cewa shi ya kawo cinikin. Waɗannan su ne ake kira 'yan kayi-nayi, masu shiga tsakanin dillalin asali da mai saye, kowa ya ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya nema. Maganinsu ɗaya ne, shi ne mai saye ya dage sai ya zauna da mai gida ido da ido kafin ya yi tayinsa na ƙarshe, kuma ƙin haɗa su alama ce da ta isa ta sa a dakata. Haka nan maganar da aka saba ji, cewa wani Alhaji ya riga ya taya kuma gobe zai kawo kuɗi, tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama abin da malaman fiƙihu suke kira najashi, wato ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don a zuga wani, wanda shari'a ta hana. Mai saye ba shi da hanyar tantancewa, don haka abin da ya rage masa shi ne ya tsaya a kan iyakar da ya yanke wa kansa tun a gida.

Babu inda jahilci ya fi cutar da sabon mai saye kamar a hukuncin ƙulluwar ciniki. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa kuma da ita kotunan shari'ar Musulunci suke hukunci, ciniki yana ƙulluwa ne da zarar ɗaya ya ce ya sayar ɗayan ya ce ya saya, kuma babu zaɓin fasawa don kawai ba a tashi daga wurin zama ba, saɓanin abin da Shafi'iyya da Hambaliyya suka tafi a kai. Ma'anar wannan ita ce mutumin da ya ce "na saya" yana nufin zai je ya bincika takardu daga baya ya riga ya ɗaure kansa, ba zai kwance ba sai mai gida ya yarda ya fasa don kansa, ko kuma an gano aibin da aka ɓoye. Amma mazhabar ta buɗe wata ƙofa mai faɗi, ita ce cinikin zaɓi, wanda a cikinsa ake gindaya cewa ɗayan ɓangarorin yana da damar zartarwa ko fasawa cikin wani wa'adi, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala da Muhtasar na Halilu, sun ƙaddara wa gida wa'adin kamar wata guda. Wata guda ya isa a je ma'aikatar ƙasa, a kawo magini ya duba gini, a tambayi magada idan akwai su. Abin takaici ne ƙwarai cewa wannan dama, wadda take rubuce tun ƙarnoni da suka wuce, kaɗan ne cikin masu saye suke neman ta, saboda tsoron kada a ce ba su yarda da mai gida ba. Sharaɗin zaɓi ya kamata ya zo tare da tayin a gaban shaidu, ba bayan an sallama ba.

Kafin alƙalami, wato kuɗin da ake fara bayarwa don nuna cewa da gaske ake, shi ma yana da hukuncinsa. Idan aka gindaya cewa mai gida zai riƙe shi in mai saye ya fasa, wannan shi ne cinikin urbuni da Malikiyya ta hana, ko da yake Hambaliyya ta halatta shi. Idan kuwa za a lissafa shi cikin kuɗin gida in ciniki ya tabbata, a mayar da shi in bai tabbata ba, babu laifi. Ya kamata ya zama kaɗan, a rubuta shi da sharaɗin mayarwa, kuma ya shiga asusun mai gida ko na lauya, ba hannun dillali ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce me ake saye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki, ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta yadda abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99 ga gidan kwana, wanda takardar da jama'a suke kira satifiket take shaidawa. Sashe na 22 na dokar ya hana sayar da wannan izini ko jinginar da shi ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ɓatacce ne, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta fayyace cewa ɓangarori suna iya ƙulla yarjejeniya kafin amincewar ta fito, sai dai mallakar ba ta cika sai da ita. Saboda haka alkawarin mai gida na sa hannu a takardun neman amincewa, da bayar da hotonsa da shaidarsa duk lokacin da aka nema, sharaɗi ne da ya kamata ya shiga cikin tayi, domin neman sa hannun mutumin da ya riga ya karɓe kuɗinsa ya koma wani gari aiki ne mai cin rai.

A Kano ana bambanta awon gwamnati, wato filin da hukuma ta tsara ta yanka ta ba shi lamba, da awon igiya, wato gonar da mai ita ko dillalai suka yayyanka suka sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci. Unguwanni da yawa a Kumbotso da Ungogo da gefen Gwale ta wannan hanya suka tashi, kuma dubban iyalai suna zaune lafiya a cikinsu, amma gidan awon igiya ba zai yi kuɗi ɗaya da mai satifiket ba, domin banki ba ya karɓarsa jingina cikin sauƙi, kuma idan hanya ko magudanar ruwa ta biyo ta kansa hujjar mai shi ba ta da ƙarfi. Wannan bambanci hujja ce ta neman ragi wadda babu mai hankalin da zai musa. Idan gidan yana da satifiket, binciken da lauya zai yi a ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS mai kula da bayanan filaye zai nuna ko sunan da ke kan takardar shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da ita ga banki, ko ana bin ta bashin harajin ƙasa, ko ma an soke ta. Hukumar tsara birane ta KNUPDA kuwa ita ce za ta tabbatar ko an amince da ginin. Rusau ɗin da gwamnatin jiha ta yi a watan Yunin 2023 a wurare irin su tsohon otal ɗin Daula da filin Idi ya nuna cewa asalin yadda aka samu fili yana iya dawowa ya shafi wanda ya saya da kuɗinsa shekaru bayan haka, don haka filin da aka gutsuro daga makaranta ko maƙabarta ko masallaci abin gudu ne komai arharsa.

Gidan gado yakan zo da sauƙin kuɗi saboda magada suna son a raba, amma shi ne ya fi yawan rigima. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa sai da wakilcinsu, rabon maraya kuma ba a sayar da shi sai ta hannun waliyyinsa ko da izinin alƙali, kuma mata da aka aurar wani gari su ne aka fi mantawa da su har sai sun dawo da ƙara. Akwai kuma shufa'a, wato haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da aka saya. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a kadarar da ba a raba ba, ba na maƙwabci ba. Mai saye da ya nemi takardar rabon gado daga kotu, da sa hannun kowane magaji, bai zagi kowa ba.

Duba ginin kansa ya fi kyau da damina, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, domin a nan ake ganin yoyon rufi, da bangon da ke tsotsar danshi, da layin da ke zama tafki. Idan da rani ake ciniki, tabon ruwa a jikin silin da gishirin da ke fitowa a gindin bango da bayanin maƙwabta suna maye gurbin hakan. Duk aibin da aka gani a sa magini ko kafinta ya yi masa lissafi, domin cewa gyaran rufi da shadda zai ci naira miliyan 2, misali, ya fi tasiri a kunnen mai gida a kan kushe gidan da baki. Aibin da mai saye ya gani ya yi shiru ba shi da damar mayar da ciniki saboda shi daga baya.

Bayan an daidaita kan adadi, sauran abubuwan da ke cin kuɗi suna nan: ladan lauya, harajin hatimi, kuɗin neman amincewar gwamna da na rajista, tsohon bashin wutar lantarki da na ruwa, da abin da akan ba shaidu. Wanda ya zuba dukkan abin da yake da shi a tayi ba zai sami na kammala takardu ba. Idan akwai 'yan haya a gidan, a rubuta wanda zai sallame su da ranar da za a miƙa makulli, domin a dokokin yawancin jihohi mai hayar shekara yana da wa'adin wata shida idan yarjejeniyarsa ba ta faɗi wani abu daban ba, kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai gidan ya zama babu kowa shi ne abin da ke sa a cika alkawari. Biyan kuma ta banki za a yi shi, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma shaidar tura kuɗin hujja ce da ba ta mutuwa ko mantuwa. Kuɗin ƙarshe da takardun asali a zama ɗaya suke musanya.

Ma'aikacin da ke dogara da Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, yana iya neman rance daga bankin lamunin gidaje na tarayya a kan ruwan kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30, waɗanda ke gudun riba kuwa suna da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, masu tsarin ijara, wato hayar da ke ƙarewa da mallaka. Dukkansu suna ɗaukar lokaci kuma suna neman cikakkun takardu, don haka irin wannan mai saye wa'adi yake ciniki a kai fiye da ragi, kuma dole ne tayinsa ya faɗi ƙarara cewa idan rancen bai fito ba za a mayar masa da abin da ya bayar.

Da yawa daga masu saye suna tsayawa ne a takardar ciniki mai sa hannun shaidu, su bar satifiket da sunan tsohon mai gida shekara da shekaru saboda tsadar canja suna da jinkirinsa, abin da ke barin 'ya'yansu da rigimar da za ta kai su Babbar Kotun Jiha, wadda ita kaɗai dokar 1978 ta ba ikon sauraron ƙara a kan izinin da gwamna ya bayar. Ya kamata gwamnatin Kano ta rage kuɗin neman amincewa, ta yanke masa wa'adin da ma'aikata ba za su wuce ba, ta kuma riƙa wallafa farashin da aka yi rajistar gidaje a kansa unguwa-unguwa, domin mai sayen gidan farko ya san abin da zai taya kafin ya zauna da dillali.